Ranar da Jujin Kan Dutse Ya Sauko

Shekara shida na yi a wani gida da ke can saman unguwar Mansur a Makka, inda kwalta ke ƙarewa matakala ta fara. Daga bakin titi zuwa ƙofarmu sai mutum ya huta sau biyu, in kuwa da tukunyar gas a kafaɗa, sau huɗu. Sana'ata ɗaura tayil. A shekarun ne ake ta rushe tsofaffin gidaje a kewayen Harami ana tayar da dogaye, saboda haka aiki bai taɓa yanke mini ba. Ni da matata muna da ɗaki biyu a tsakiyar gidan. Ɗakin ƙarshe, wanda bayansa ya jingina da dutse, na wata tsohuwa ce 'yar Damagaram, kowa Inna yake ce mata. Ta fi shekara ashirin a ɗakin. Mijinta ya rasu, ba ta haihu ba, da fura da ƙuli-ƙuli take riƙe kanta.

A bayan ɗakin nata akwai gangare mai tsayi, can a samansa kuma wata hanyar mota ta ratsa. Tun kafin in zo unguwar, direbobin tifa sun gano cewa in suka juye ɓaraguzan gini a bakin gangaren nan sun huta da tafiya bayan gari. Da mutanen sama suka ga wuri ya samu, sai suka mai da shi juji. Ledar shara, ragowar shinkafa, ƙunzugun jarirai, katifar da aka yi jinya a kai, mushen kyanwa. Bayan kowace layya fatu da kayan ciki. Wani masai da ke gidajen sama kuma ya daɗe yana tsiyaya, baƙin ruwansa na shigewa ƙarƙashin tarin ba ya fitowa. Sai wata tifar ta zo ta rufe komai da farar ƙasa, rana ta gasa, saman ya yi tauri kamar daɓe. A sake zuba shara, a sake rufewa.

Warin ba ya barin mutum. Yana shiga tuwo, yana shiga kayan da aka shanya. Matata takan turara ɗaki safe da yamma, sai turaren da warin su haɗu su haifi wani wari na uku da ya fi duka tayar da zuciya. Ɓerayen wurin sun fi ƙarfin kyanwa. Amma ba zan wanke kaina ba: ni ma na sha hawa in watsa gutsattsarin tayil da buhunan siminti a can, don na fi ganin sauƙin hawa matakala talatin da sauka ɗari.

A wani gini a unguwar Aziziyya na san wani dattijo magini, mutumin duwatsun arewacin Fakistan. Mu'allim muke ce masa. Siriri ne, mai jan gemu saboda lalle, ba shi da yawan magana. Larabcinsa gurgu, nawa ma gurgu, haka muke jan zancenmu. Wata Juma'a cikin sanyi na gayyace shi cin tuwo. Da muka gama ya nemi wurin wanke hannu, na kai shi bayan gida inda randar roba take. Ya wanke hannun, amma bai juyo ba. Ya tsaya ya ɗaga kai yana kallon gangaren har na fara jin kunya, na zaci warin ne ya dame shi.

Ya ce, "Kana da rodi?"

Na ɗauko masa wani ragowar rodi da ya fi ni tsawo. Ya tattare wando, ya hau ta gefe inda dutse yake tsirara, ya miƙa hannu ya soka rodin a cikin tarin. Da farko ya ƙi shiga, sai da ya danna da ƙarfi. Yana huda ɓawon saman nan sai rodin ya sulale da kansa, kamar an soka tsinke a cikin kunu. Da ya zaro shi, daga tsakiya zuwa ƙasa baƙin yauƙi ne ke ɗiga. Ya matsa gaba ya sake, haka. Ya sake, haka.

Ya sauko ya zauna a kan bulo, ya ce in zauna.

Ya ce a garinsu, in sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara kan zuba ta rufe duwatsu. Rana ta ɗan narkar da samanta, sanyi ya sake daskarar da shi ya yi santsi kamar gilashi. Sai wata sabuwa ta zubo a kai, mai nauyi. A ido duk abu ɗaya ne, fari fat, har ka ce in ka taka dutse ka taka. Amma in ka haƙa da hannu za ka tarar da wani sashe a ƙasa da ya zama gari-gari kamar sukari, ba ya riƙe komai. Dukan abin da ke sama a kansa yake zaune. Ƙafar mutum ɗaya ta isa.

Na ce, "Ta isa me?"

Ya ce ƙaninsa ya fita wata safiya bayan an kwana biyu ana zuba, gari ya waye tas, ba gajimare. Zai tsallaka kwari ya duba dabbobinsu a wata bukka. Shi Mu'allim yana tsaye a kan soro yana kallonsa. Ya ce ya ji wani sauti daga ƙarƙashin ƙasa, kamar saniya ta yi nishi. Sai ya ga tsaga ta gudu a jikin farin dutsen daga wannan gefe zuwa wancan, sama da inda ƙanin yake. Daga nan dukan gefen dutsen ya taho. Mazan garin suka jeru kafaɗa da kafaɗa da dogayen sanduna, taki ɗaya su soka, taki ɗaya su soka, ba mai magana, don ko za a ji motsi. Sai rana ta uku suka same shi.

Ya nuna gangarenmu da haɓa. "Wannan ma haka yake. Sama tauri, ƙasa ruwa. Namu fari ne, naku baƙi. Wa ke kwana a ɗakin nan?"

Ni ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta firji. Na tausaya masa kan ƙaninsa, amma a raina na ce tsoho ya kwaso tsoron garinsu ya kawo ƙasar da ko ruwan sama sai an yi roƙo. Duk da haka na faɗa wa wakilin mai gidan da ya zo zagaye. Shi haifaffen Makka ne, kakanninsa daga ƙasar Kano suka zo a ƙafa, Hausarsa sai ya haɗa da Larabci take tsayuwa. Yana jin maganar ya fashe da dariya har yana riƙe ƙofa.

"Ya ahi, ƙanƙara? A Makka? Wallahi Bafakistanen nan naka rana ta taɓa shi. Dutsen nan tun ina yaro yake nan."

Na ce ba dutsen ba, sharar.

Ya ce, "Halas, in sha Allahu za a duba." Ya toshe hanci da gefen gyalensa ya sauka.

Inna ma na gaya mata. Tana dama fura ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗan nan, to ina za ni? Ka ga wani ɗakin da ke jirana?" Matata ce ta ce, "Inna, in dai aka ga hadari, ki dawo falonmu ki kwana. Tabarma ba ta ƙare ba." Inna ta ce to.

Bayan kamar wata guda ruwan ya zo. Wanda ya zauna a Makka ya san irinsa: shekara ta wuce ba ɗigo, sai rana ɗaya sama ta buɗe. Tun la'asar ake yi, matakalarmu ta zama kogi, ledoji da takalma na ta gangarawa. Matata ta je ta riƙo hannun Inna ta kawo ta. Washegari ma aka wuni ana yayyafi. Inna ta kwana biyu a falonmu, tana ta mitar cewa kayanta na can, geron da ta jiƙa zai yi tsami.

Da magariba ta rana ta biyu Mu'allim ya kira ni a waya. Ya ce, "Tsohuwar tana ina?" Na ce tana wurinmu. Ya ce, "Kada ta koma gobe. Ba ranar zuba ake mutuwa ba, ranar da gari ya yi kyau ne. Zan zo da safe in gani."

Gari ya waye da rana mai daɗi, sama wankakkiya. Ba aiki a ranar, don ruwa ya cika ƙasan ginin da muke yi. Inna ta naɗe tabarmarta. Na ce, "Inna, da kin ƙara kwana ɗaya." Haka kawai na faɗa, a sanyaye, ina kurɓar shayi. Ban ce mata an kira ni ba, ban tare ƙofa ba. Ta ce, "Ruwa ya ɗauke, ɗan nan. Allah ya yi muku albarka." Ta fita. Wannan kurɓar shayin har yau in na tuna ta sai in ji na tsani kaina.

Da hantsi na fita bayan gida zan ɗebi ruwa. Na ɗaga kai sai na ga abin da ban taɓa gani ba: wata tsaga a jikin jujin, can sama, ta ratsa daga gefe zuwa gefe, faɗinta kamar tafin hannu. Ina cikin kallonta na ji ƙugin mota a hanyar sama. Tifa ce take ja da baya zuwa bakin gangaren. Na ɗaga hannu ina ihu, da Hausa, da Larabci. Ko direban bai ji ba, ko ya ji ya ƙi, ban sani ba. Bayan motar ya ɗaga, ɓaraguzai suka zubo.

Na ji nishin da Mu'allim ya faɗa. A tafin ƙafata na fara jinsa kafin kunnena. Sai ɓawon saman ya motsa gaba ɗaya, a hankali da farko, kamar ana jan darduma, sannan ya karye ya taho. Na ruga cikin gida. Ƙarar ba ta daɗe ba. Da na juyo, bangon bayan ɗakin Inna babu, rufin ya durƙusa, baƙar laka ta cika tsakar gidan har gwiwa tana ci gaba da malala a hankali zuwa ƙofarmu.

Warin da ya tashi ban san da me zan kwatanta shi ba. Duk abin da unguwar ta ci ta zubar, ta yanka ta zubar, ta kasayar, shekara da shekaru yana dahuwa a rufe, ranar ya buɗe. Matata ta fito tana salati, ta koma da gudu tana amai.

Kafin a ce haka mutane sun cika rufin gidajen maƙwabta da matakala. Da yawansu na san su, muna sahu ɗaya a masallaci. Kowa ya ɗaga waya yana ɗauka, ɗaya hannun a kan hanci. Wani yana ta bayani da ƙarfi ga wayarsa kamar mai karanta labarai. Na ce, "Jama'a, da mutum a ciki! Inna na ciki!" Aka yi ta salati, aka matso don a ɗauka da kyau. Mutum huɗu ne kawai suka shigo cikin lakar: wani tela Bazazzagi, wasu 'yan Nijar biyu masu aikin gini, da wani Bayamane mai kanti. Telan ne ya kira ma'aikatan ceto.

Muka hau tono ba tsari, kowa inda ya ga dama. A haka Mu'allim ya iso, yana haki saboda matakala. Ko sallama bai yi ba. Ya dubi sama ya tabbatar abin da ya rage ba zai biyo ba, sannan ya daka wata tsawa da ban taɓa zaton tana cikin ƙirjinsa ba.

"Uskut! Kowa shiru!"

Wurin ya yi tsit, har masu waya. Ya sa muka ɗauko rodi da sandunan mofa, ya jera mu kafaɗa da kafaɗa daga inda ƙofar ɗakin take. Taki ɗaya, mu soka a hankali, mu tsaya mu saurara. Taki ɗaya, mu soka. Lakar na shiga tsakanin yatsun ƙafata, da ɗumi, akwai abubuwa masu motsi a ciki. A taki na biyar rodin telan ya daki ƙarfe. Muka tsaya. Daga ƙasa muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga cokali a kwano.

Da hannu muka tona, da kwanoni, da murfin tukunya, don Mu'allim ya hana a sa shebur kusa. Na cusa hannu na jawo wani abu mai santsi, ashe fatar rago ce ta wata layyar da ta wuce, ta narke, tsutsa na zuba daga cikinta ta bi mini hannu har gwiwar hannu. Na juya na yi amai, na goge baki da kafaɗa, na koma. Ƙunzugu, allurar asibiti, gashin kitso, ƙashin kaza, wani gutsuren tayil shuɗi da na gane nawa ne. Shi ne ya yanke ni a tafin hannu.

Gadon ƙarfenta ne ya cece ta. Da ta ji ƙarar ta faɗi gefensa, bangon ya turo gadon ya kife a kanta, ya bar mata ɗan wurin numfashi. Ƙafafunta kuwa suna waje, bulo ya danne. Da muka buɗe fuskarta, baƙar laka ce har cikin hancinta. Matata, wadda ta ɗaure hanci da ɗankwali ta shigo, ita ta wanke mata baki da ruwan buta. Abin da Inna ta fara cewa shi ne, "Ku rufa mini jiki, maza na kallo." Na ɗaga kai. Wayoyin na nan a sama, sun fi na ɗazu yawa.

Ma'aikatan ceto suka iso da kayansu a kafaɗa, don mota ba ta hawa. Su suka ɗaga bulon da dabara suka sauke ta a kan gadon ɗaukar majinyata, matakala bayan matakala. Sun yi aikinsu da kyau. Ƙugunta ya karye, raunin ƙafarta kuma ya sha dattin nan ya rube, sai da ta yi wata biyu a kwance. Daga asibiti wata 'yar ƙanwarta da ke aure a Jidda ta ɗauke ta.

Mu'allim ya wanke jikinsa a bayan gida da sabulun wanki, na ba shi jallabiyata. Bai ce ai na faɗa muku ba. Na so ya faɗa, da na ji sauƙi. Ya sha ruwa kawai ya tafi.

Da yamma wakilin mai gida ya zo, fes da shi, ya tsaya a bakin ƙofa inda laka ba ta kai ba. Ya ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa, alhamdu lillahi da ba a rasa rai ba. Bai tambayi asibitin da aka kai ta ba. Ya ce za a tayar da bangon kafin azumi don masu Umara na neman ɗaki, ko zan ɗaura masa tayil? Na dube shi, na dubi hannuna da aka naɗe da tsumma. Na ce ya nemi wani. Ya ce, "Ma'alesh, kana cikin fushi," ya tafi.

Kwana biyu bayan nan wani abokin aiki ya nuna mini hoton bidiyon a wayarsa, bai san ni ne ba. Ga ni a durƙushe ina amai, wani ya ɗora sautin dariya a kai. Kafin sati biyu kuma, ina tsaye a tsakar gida, leda ta faɗo daga sama ta fashe a kan sabon gangaren. Kan kifi ne da ruwan wanke-wanke. A daren ranar ban ci abinci ba, washegari na fara neman ɗaki a unguwar Misfala.

Sai bayan wata biyu muka samu ɗakin. Kafin mu tashi muka je Jidda duba Inna. Ta rame, ba ta iya zama sai an jingina ta. Ba ta yi maganar ranar ba ko kaɗan. Abu ɗaya ta tambaya, wani ɗan turmi na icce da ta zo da shi daga gida tun tana amarya, wanda take daka kayan yajin fura a ciki. Na ce zan duba.

Na san inda yake. Da aka kwashe lakar, maƙwabta sun bi sun tsince kayanta, wannan tukunya, wancan bokiti. Turmin na gan shi a ƙofar wata mata da ke gida na uku da namu. Na aika matata. Matar ta ce ita a juji ta tsinta, kwana uku tana wanke shi da omo, in ana so sai a biya ta wahalarta. Matata ba mai faɗa ba ce, amma ranar ta sunkuya ta ɗauki turmin ta rungume, ta ce, "Hajiya, ki biyo ni ki karɓa." Ba ta biyo ba.

Muka sake wanke shi da ruwan zafi da toka, muka shanya a rana kwana biyu, muka naɗe a zane muka shiga mota zuwa Jidda. Inna ta karɓa da hannu biyu ta ɗora a cinya, tana shafa bakinsa inda ya gutsure. Sai ta sunkuyar da kai ta sansana cikinsa. Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙa wa 'yar ƙanwar tata ta ce a fitar da shi waje, icce ya riga ya sha warin.